Fuska ta samu, jiki ya ƙi: wane littafi zan kama?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22, a Kano nake. Tun ina sakandare nake zane, yanzu har ina ɗan samun na kashewa da shi. Mutum zai turo hotonsa ko na amaryarsa, in ja layuka in raba hoton gida-gida, in kwafe shi da fensir, a sa a firam. Ana yabawa sosai. Amma da zarar na sauko ƙasa da wuya sai komai ya dagule. Hannu ya yi tsawo, ƙafa ta ƙi taka ƙasa, wanda na zana yana gudu sai ka gan shi a sandare. Burina in riƙa zana littattafan yara na Hausa. Kwanaki wani malamin firamare ya ba ni labari in zana masa shafi 12, na yi ta fama har na haƙura na mayar masa da kuɗinsa.

Littattafan koyon zane da na sauke a waya sun fi 30, akwai na Loomis, Bridgman, Hogarth, Hampton da sauransu. Yau in buɗe wannan, gobe in buɗe wancan. Yayana da ke karatun likita ya ce sai na haddace ƙashi da tsoka, zai ara mini littafinsa na anatomi. Abokina kuma ya ce in biya kuɗin kwas a intanet, da dala. Na tara naira dubu 80, ba na so in zubar da ita a banza. Sannan akwai abin da nake jin nauyin faɗa: yawancin littattafan nan cike suke da zanen tsiraici, ɗakinmu ɗaya da ƙannena, kuma suna ɗaukar wayata. In Baba ya gani ban san bakin da zan yi masa bayani da shi ba. Wane littafi zan kama, Malam?

Ƙaninka, daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanina.

Mayar da kuɗin malamin nan da ka yi daidai ne, kuma ya nuna mini idonka ya riga hannunka yin gaba: kana ganin abin da bai yi ba. Mai irin wannan idon ana iya koya masa.

Raba hoto gida-gida sana'a ce, kada ka raina ta. Ita ta koya maka haƙuri da sarrafa duhu da haske. Sai dai layukan nan su suke yi maka awo, hoton kuma ya riga ya yanke inda ido zai zauna da yadda wuya zai karkata. Naka kawai ka ɗauke abin da ke wannan gidan ka ajiye a ɗan'uwansa. Ranar da aka ce zana yaro yana bin akuya da gudu, babu hoto babu layi, sai ka tarar ba ka taɓa gina mutum ba, kwafarsa kake yi. Ita kanta fuskar, gwada zana ta daga ka, mutum ya ɗaga haɓa yana kallon sama, za ka ga da sauranta.

Dubi abubuwa ukun da ka lissafa da bakinka. Hannu ya yi tsawo, awo ke nan. Ƙafa ta ƙi taka ƙasa, nauyi ke nan da ƙa'idar nesa da kusa. Mai gudu a sandare, motsi ke nan. Babu ɗaya a ciki da haddar sunan tsoka ke warkarwa.

Don haka ka yi wa Yaya godiya, ka bar masa littafinsa. Littafin likita, ko na Gray ne da aka fara bugawa a 1858 ko wani na zamani, an rubuta shi ne don wanda zai shiga cikin jiki: ina jijiyar jini ta bi, me ke bayan hanta, me zai lalace in an yanka nan. Baligi yana da ƙashi 206 da tsoka fiye da 600, amma mai zane ruwansa da waɗanda ke turo fata ne kawai, suna sauya siffar da ido ke gani, su kuwa 'yan gomomi ne. Mahaucin da ya tsufa a mayanka ya san kowace tsoka a jikin saniya, ya san inda zai sa wuƙa ta rabu da ƙashi, amma miƙa masa takarda ka ce ya zana saniyar tana tafiya, ka sha kallo. In Yaya zai yi maka alheri, ya nema maka izini ka shiga inda suke ajiye ƙwarangwal, ko da na roba ne, ka zauna ka zana haƙarƙari da ƙashin ƙugu ta gaba, ta gefe, ta baya, ta sama. Wuni guda a wurin ya fi maka aron littafin na shekara.

Ba a zaɓen littafin zane don sunan mai shi ko kyan hotunansa. Abin da ke damun zanenka a yau shi ke zaɓa maka. Kafin ka kashe ko kwabo, ɗauki takarda ka zana mutum uku daga ka: dattijo a tsaye ya dogara da ƙafa ɗaya yana jiran mota, yaro ya nufo ka da gudu, mace ta sunkuya tana shara. Sa kwanan wata, ka ajiye, duk ƙarshen wata ka sake zana su. In a sandare suke, motsi za ka nema. In suna motsi amma ba su da kauri, ba ka jin za ka iya zagayawa bayansu, gini za ka nema. In kaurin ya samu amma gaɓoɓi ba su daidaita ba, awo. Sai ranar da waɗannan suka zauna, ya rage kafaɗa ba ta da siffa, gwiwa dunƙule ce kawai, ranar ce littafin tsoka zai yi maka amfani. Yawancin masu koyo daga ƙarshen nan suke farawa, don shi ya fi kama da ilimi, shi ya sa kake ganin zane ya sha tsoka amma mutumin kamar ba rai.

Motsi ba a littafi yake ba, amma akwai littafin da ya fi kowa nuna hanyarsa. Kimon Nicolaïdes malami ne a makarantar Art Students League ta New York, ya rasu a 1938, littafinsa The Natural Way to Draw ya fito a 1941. An kasa shi gida 25, kowane gida aikin awa 15 ne, kuma ya ɗauka kana aji da mutum a tsaye a gabanka. Ba zan ce ka bi shi shafi-shafi ba, mutane da yawa sun kama sun saki a hanya. Darasin motsi da ke farkonsa za ka ɗauka: ka zana abin da mutum yake yi, ba kamanninsa ba, cikin daƙiƙa 30 ko minti ɗaya. A minti ɗaya babu lokacin ido da hanci. Dole ka nemi layin da ya taso daga ƙeya, ya bi ƙashin baya, ya sauka a ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Kai da ka saba kwana uku a kan fuska ɗaya abin zai yi maka ciwo, don zanen zai fito da muni. A bar shi ya yi munin. Da biro za ka yi, don kada ka sami hanyar gogewa, a kan takarda mafi araha, ko bayan wadda aka riga aka yi rubutu a kai.

A nan ka fi ɗalibin New York arziki, ba ka sani ba. Je Dawanau ka ga ɗan dako ya ɗora buhu a ka ko a gadon baya, ka ga yadda gwiwa ke lanƙwasa ta karɓi nauyin. Tsaya inda 'yan ga-ruwa ke tura kura a hawa. Zauna bakin filin ƙwallo da la'asar. Wanda ya fi duka shi ne gidan dambe. Ɗan dambe ba riga, ga allon kafaɗa, ga kwarin baya, ga haƙarƙari, kuma yana yi maka abin da ɗan ƙwallo ba ya yi: yana coge ya tsaya, hannun kariya a miƙe, naɗaɗɗen hannu ya koma baya, ƙafafu a buɗe, suna auna juna na 'yan daƙiƙu kafin a kai bugu. Wannan tsayuwar ta ishe ka ka kama layinsa. Bidiyon kokawar Nijar, musamman na gasar takobi, shi ma taska ne, don kana iya tsayar da shi inda kake so. Sai dai a kiyaye ladabi. Zauna daga nesa, in an tambaya ka nuna takardar, kada kuma ka ƙura wa matan mutane ido a kasuwa. Siffar mace a gida za ka koye ta, ƙanwarka tana wanke-wanke, Umma tana tsince shinkafa, da saninsu, cikin tufafinsu.

In kana wurin, ga abin da za ka riƙa dubawa, shi ne rabin maganin ƙafar da ta ƙi taka ƙasa. Akwai ɗan rami a ƙasan maƙogwaro, inda ƙasusuwan nan biyu da suka gitto daga kafaɗu suke haɗuwa. In mutum ya tsaya da ƙafa biyu, ja layi daga ramin nan zuwa ƙasa, zai faɗa tsakanin sawunsa. In ya dogara da ƙafa ɗaya, layin ya koma kan idon sawun wannan ƙafar, ƙugun wannan gefen ya ɗaga, kafaɗar gefen ta sauko. Mai ɗauke da bokiti a dama zai karkata hagu, hannun hagu ya buɗe. Mai goyo takan ɗan ranƙwafa gaba. Mai gudu kuwa ramin ya wuce ƙafarsa, yana shirin faɗuwa ne ƙafar gaba ta tare shi. In ka zana mai gudu da ramin wuya a kan ƙafa, ka zana mai tsaye ne da ya ɗaga ƙafa ɗaya.

To littafin aiki fa? Taura biyu ba ta taunuwa, balle 30. Wanda zan sa a hannunka shi ne na Michael Hampton, Figure Drawing: Design and Invention, na 2009. Dalilina jerinsa ne. Ya fara da motsi, da layi iri uku kacal, miƙaƙƙe da mai baka da mai lanƙwasa biyu. Sannan ya nuna inda ƙashi ke taɓa fata, don su ne alamun da ba sa gushewa ko mutum ya yi ƙiba ko ya rame. Sannan ya mayar da kai da ƙirji da ƙugu su zama ƙwai da akwatuna, hannu da ƙafa su zama gwangwanaye. Sai bayan wannan duka ya kawo tsoka, kowace da launinta. Turancinsa bai da yawa, zane ne ya fi yawa. Amma kafin ka buɗe shi, gwada kanka: za ka iya zana kwalin sabulu da gwangwanin madara ta kowace fuska, ba tare da suna gabanka ba? In ba za ka iya ba, a nan gizo yake saƙar. Hannun yaron da ya nufo ka da gudu gwangwani ne da kake kallo ta bakinsa, shi ya sa yake gajarcewa. Wanda bai iya juya gwangwani ba zai zana hannun da cikakken tsawonsa, sai ya fito zaƙaƙam. Akwai darussan kyauta na Drawabox a intanet, a ciki ana sa mutum ya zana akwati 250. Aiki ne mai gundura, kuma yana biya.

Na Andrew Loomis, Figure Drawing for All It's Worth na 1943, kada ka yar da shi, don mai shi abokin sana'ar da kake buri ne: zanen talla da na mujallu ya yi a Amurka, ya san aikin da ake bayarwa a ce gobe ake so. Amma leƙa shi za ka yi, abu uku ka ɗauko. Na farko awo da tsawon kai. Na biyu jadawalin shekaru, wanda ga mai zanen littafin yara ya fi komai: ɗan shekara ɗaya tsawonsa kusan kai 4 ne, ɗan shekara 5 kusan kai 6, ɗan shekara 10 kusan 7. Tsakiyar jikin jariri wajen cibiya take, ta babba kuwa tana can ƙasa inda cinyoyi suka rabu. Wanda bai san wannan ba sai ya zana manya ya rage musu girma ya ce yara ne, kuma yara masu karatu su ne farkon masu ganewa. Na uku shafukansa na jera mutane a kan layin da sama ta haɗu da ƙasa. In kana tsaye a shimfiɗaɗɗen fili, ba tudu ba kwari, duk wanda tsawonku ɗaya idonsa yana kan layi guda da naka komai nisansa, ƙafafunsa ne ke hawa sama a takarda yayin da yake nisa. Wannan shi ne ɗaya rabin maganin ƙafar.

Ka kula da abu guda. Mutumin Loomis mai kai 8 ba mutumin titi ba ne. Shi da kansa ya nuna mutum na yau da kullum kai 7 da rabi ne, ya zaɓi 8 don ya fi kyau a talla, ya kai har 9 don zanen jarumai. Fuskokinsa kuma na Turawan Amurka ne na shekarun 1940. In ka haɗiye shi gaba ɗaya, za ka zana Bature ka sa masa hula. Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a kan wannan batun. Ba su yar da dabarun da Turawa suka koya musu ba, sun dai ƙi yarda siffa da labari su ma su zo daga waje. Kai ma ɗauki ma'aunin, ka auna mutanen gidanku da shi: a ɗauki hoton ƙaninka a tsaye daga nesa, ka ƙirga kai nawa ne.

George Bridgman ya koyar kusan shekara 45 a makarantar nan ta New York, Loomis ma ya yi karatu a hannunsa. Littafinsa Constructive Anatomy na 1920 yana da ilimi mai nauyi, shi ya fi kowa nuna yadda kai da ƙirji da ƙugu suke dunƙule uku da ba sa sauya siffa, tsakaninsu ne ake murɗawa. Amma layukansa a cakuɗe suke, sai wanda ya riga ya san abin da yake nema ke gane su. Ajiye shi sai baɗi. Na Burne Hogarth kuwa, mai zanen Tarzan a jaridu, goge shi daga wayar. Mutanensa kowace tsoka a kumbure take lokaci guda, abin da jiki ba ya yi. Yana da daɗin kallo, yana ɓata hannun mai koyo.

Yadda ake cin shafi shi ya fi sunan littafin muhimmanci. Karanta shafi ɗaya, kwafi zanen, rufe littafin, zana shi daga ka, buɗe ka kwatanta, ka sa jan biro inda ka kauce. Sannan ka fita ka nemo abin a jikin mai rai, ko a madubi. Shafin da bai bi ta wannan hanyar ba, kallonsa ka yi. Labarin malamin nan kuma ka roƙe shi ya bar maka kwafi, ya zama filin gwajinka: zana shafukan 12 da mutanen akwati da gwangwani kawai, babu fuska babu riga, ka nuna wa ƙannenka. In suka gane wa ke gudu, wa ya ji tsoro, wa ke faɗa, aikin ya kama hanya.

Akwai abin da littattafan nan kusan duk suka bar ka da shi. Mutanen da za ka zana babbar riga suke sakawa, da kaftani, da zani, da hijabi har ƙasa. Wani zai ce to ina amfanin sanin jiki tunda a rufe yake? Amfaninsa ya ma fi yawa, don tufafi a jikin ƙashi suke rataye. Babbar riga daga kafaɗa take zubowa, hijabi daga tsakar ka da haɓa da kafaɗa, zani daga ƙugu, in an zauna kuma gwiwa ta zama sabon wurin ratayewa, ninki ya riƙa fita daga gare ta. Gina mutumin tukuna da layi mara nauyi, sannan ka sa masa kaya. Yadi ma hali gare shi: shadda mai sitaci karyewa take yi, ninkinta da kusurwa, yadin hijabi mai laushi kuwa dogayen layuka yake zubarwa. Michel Lauricella, Bafaranshe mai jerin ƙananan littattafan Morpho, yana da ɗaya a kan ninkin tufafi kaɗai. Amma rigar Baba a rataye a ƙusa, da ita a jikinsa yana zaune a tabarma, su za su koya maka abin da babu a Faransa. Haka batun fata. Darussan inuwa na littattafan nan a kan farar fata aka gina su. A fata mai duhu ƙyallin haske a goshi da kunci da kafaɗa da ƙwauri shi ya fi fito da siffa. Nemi takarda ruwan ƙasa, irin ta babban ambulan, ka gwada gawayi da farin alli a kai.

Kwas ɗin dala ba yanzu ba. Stan Prokopenko, mai tashar Proko a YouTube, ya jera darussan motsi da gini da anatomi, gajeru kyauta, cikakku na kuɗi, kuma na kyautan sun ishe ka aikin shekara. Abin da ya cancanci kuɗi a koyon zane gyara ne, wani ya dubi aikinka ya ce ƙugun nan ya karkace, ga dalili. Duk mai tallan kwas, tambaye shi ko zai duba zanenka da kansa, ko yana ba da aikin gida, sannan ya nuna maka aikin ɗalibansa na ranar farko da na ranar ƙarshe, ba nasa ba. Gwanin zane daban, gwanin koyarwa daban. Bidiyon da ake gudu da shi ana kiɗa, zane ya kammala cikin minti ɗaya, cin data ne kawai. Gyaran kuma yana kusa da kai. Zariya ba nisa, sashen zane na jami'ar yana nan, kwalejojin ilimi da dama ma suna da sashen. Ɗauki zane 20, ba waɗanda ka fi so ba, na kwanan nan, ka nemi malami ko ɗalibin ajin ƙarshe, ka gaishe shi da ladabi, ka ce ya nuna maka kuskure ɗaya da ya fi maimaituwa. Ɗaya, ba goma ba.

Batun tsiraici, damuwarka a kan hanya take, ba ƙauyanci ba ne. Makarantun Turai sun ɗau ɗaruruwan shekaru suna gina karatunsu a kan zanen mutum ba tufafi, littattafan daga can suka fito. Hukuncin kallo da na zanen mai rai fagen malamai ne, ka je wurin wanda ka amince da iliminsa ka faɗa masa ainihin abin da kake yi da manufarka. Ta fuskar sana'a dai, aikin da kake buri za ka yi nisa a cikinsa ba tare da hoton tsiraici ko ɗaya ba. Ƙwarangwal, zanen tsoka mara fata, akwatuna, 'yan wasa da gajeren wando, da kai kanka a madubi, sun ɗauke mafi yawan nauyin. Shafukan intanet na atisaye irin su Line of Action da Quickposes suna barin ka zaɓi masu tufafi kawai, maza kawai, ka kuma saita daƙiƙun da kowane hoto zai yi. Littafin Hampton yawancinsa layuka ne da akwatuna da tsoka mai launi, na Loomis ne ke da zanen mata da yawa, kuma abu ukun da na ce ka ɗauka a farkon littafin suke. Kwafe abu ukun nan a takarda, sannan ka share littattafan daga wayar. Wayar da ƙanne ke ɗauka ba wurin ajiyar irin wannan ba ce, ga kuma haƙƙin marubutan da ke raye, waɗanda ba su yafe a raba littafinsu kyauta ba. Tsofaffi irin na Bridgman na 1920 sun fita daga wannan ƙaidin, suna nan a rumbun littattafai na intanet mai suna Internet Archive duk ranar da ka buƙata.

Baba kuma kada ka bari ya gano, kai ka kai masa. Zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, Yaya yana wurin, ka nuna masa shafin ƙwarangwal da jadawalin yara da zanen labarin da kake gwadawa, ka faɗa masa akwai shafukan da ka rufe da takarda da dalilin rufewar. Uba ya fi saurin yarda da abin da aka kawo masa da rana fiye da wanda ya tsinta a ƙarƙashin katifa. In ya gindaya sharaɗi, ka bi.

Kuɗinka: rim biyu na takarda, biro, allon ɗora takarda, dogon madubi, kuɗin motar Zariya, da littafin Hampton na takarda in ya samu a farashin da bai cinye komai ba, ko da na hannu ne. Littafin waje ya yi tsada a naira, in ya gagara kada ka ci bashi, darussan Proko na kyauta suna bin kusan jeri ɗaya. Ragowar ka ɓoye sai mutanen nan uku da kake sake zanawa duk ƙarshen wata sun ce lokacin tsoka ya yi. Ranar, Anatomy for Sculptors na Uldis Zarins da Sandis Kondrats, na 2014, shi ya fi sauƙin ganewa don hoto ne ke magana, sai dai akwai hotunan jiki a buɗe a ciki. Na Eliot Goldfinger na 1991 ya fi zurfi, tsoka-tsoka yake bi, na dubawa ne in an maƙale, ba na karantawa daga bango zuwa bango ba. Masu karanta wannan fili a Nijar da Kamaru da Chadi, Morpho asalinsa da Faransanci yake, haka tsohon littafin Paul Richer na 1890, wanda likita ne kuma mai zane.

Ko wanne ka samu, kada ka haddace sunayen Latin. Kowace tsoka tambaya uku za ka yi mata: daga ina ta taso, ina ta kama, me take ja? Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa, shi ya sa in ƙwanji ya kumbura ya lanƙwasa hannu, ta bayan damtse sakewa take yi. Fara da ƙirji da ƙugu, sai kafaɗa, sai cinya, ka bar yatsu daga baya. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙashi biyu ne. In tafi yana kallon sama suna jere, in ka kife shi na ɓangaren babban yatsa ya hau kan ɗan'uwansa ya gitta, tsokar ta murɗe tare da shi. Shi ya sa hannun mai addu'a da na mai tuƙa tuwo ba siffarsu ɗaya ba. Kama gwiwar hannunka ka juya tafin ka ji, ka zana shi a madubi ta fuska biyun, sannan ka buɗe shafin ka ga abin da ka tsallake.